Larabar da Kasuwa Ba Ta Ci Ba

Shekara guda bayan rasuwar mahaifina na hau jirgin ƙasa na je ƙauyenmu, can ƙasar Kano, na ɗauko Inna na kawo ta Inugu. A lokacin Turawa sun fara haɗa kayansu, duk inda ka zauna zancen mulkin kai ake yi, amma ni abin da ya dame ni bai wuce tsohuwar nan ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma ni kaɗai ne namijin da ya rage mata. Ƙannena mata biyu suna gidan aure a wasu garuruwa. Na ga bai kamata ba a ce ina nan ina cin nama kullum, ita tana can cikin tsohon gida ita kaɗai, sai ƙanen Baba da ke leƙa ta in ya tuna. Ba ta so tahowa ba. Sai da na haɗa ta da manya kafin ta yarda ta ɗaure kayanta.

Fawa nake yi a ƙarƙashin kawuna. Kafin asuba muna kwata, da hantsi kuma ina bakin tebur a kasuwar Artisan, ina sara ina korar ƙuda har la'asar. In na dawo gida ba na iya komai sai wanka da salla. Ɗaki biyu muke haya a wani gida na unguwar Hausawa, gida mai yawan mutane, rufin kwano, in ruwa ya sauko ba ka jin maganar na kusa da kai, kuma a Inugu ruwa ba ya gajiya da saukowa.

Matata haifaffiyar garin ce. Kakanta ya zo fatauci tun kafin gari ya zama gari, bai koma ba. Tana jin Ibo kamar ruwa, Turancin Buroka kuwa da shi take faɗa da shi take wasa, Hausarta ma ba ta fita sai da ɗan gutsurensu a ciki. Ta yi wa Inna duk abin da 'ya za ta yi wa uwa, wannan shaida zan bayar da ita ko a gaban wa. Ta gane tsohuwa ba za ta ci teba da miyar manja ba, sai ta koma tuwon masara da miyar kuka, ta nemo daddawar Arewa, ta nemo man shanu wurin masu kawo dabbobi. Ni kuma in zaɓo tsoka mai laushi in kawo. Inna ta sa hannu sau biyu, ta uku ta ture akushi ta ce, “Alhamdu lillahi, na ƙoshi. Allah ya yi albarka.” Haka yau, haka gobe. Cikin wata huɗu awarwaron da ke tsaya mata a wuyan hannu ya koma yana zamewa har gwiwar hannu.

Ya kamata in faɗi ko wace ce Inna kafin ta zo hannuna. 'Yar kasuwa ce. Daddawa take yi da ƙuliƙuli, da kaka kuma ta ƙara da dafaffiyar gurjiya, wadda wasu ke kira kwaruru. Kasuwa uku take ci a mako, duk a ƙafa: Litinin a wani gari gabas da mu, Laraba a garinmu, Jumma'a a wani mai ɗan nisa. Da wannan ta rufa mana asiri shekara da shekaru. Da ta zo Inugu na ce an gama. “Inna, kin wahala da mu, yanzu lokacin hutunki ne.” Haka na faɗa da baki. Abin da ban faɗa ba shi ne ina gudun a ce ga uwar wane can tana talla a bakin titi, ɗanta yana yanka sa. Na hana ta fita, na ce motoci, na ce ba ta jin harshen mutane. Ko tsintsiya ta ɗauka sai matata ta karɓe, don na yi mata kashedi. Ta zauna a tabarma, daga carbi sai kallon ruwa yana zuba daga kwano.

Inna ba ta kiran sunana, kuma magana mai nauyi ba ta yi mini ita kai tsaye, irin kunyar ɗan fari ta mutanen da. Don haka ta bakin matata na ji labarin. Wani dillalin shanu ɗan yankinmu zai koma Arewa da iyalinsa a jirgin Asabar ta sama, kuma Inna ta riga ta aika wa matarsa cewa da ita za a tafi. Ban san lokacin da na ture kwanon abincina ba. Na ce me aka rasa a gidan nan? Me aka yi mata? Matata ta ce ita dai an ba ta saƙo ne. Kwana biyu na yi ba na kula kowa, a kasuwa ma masu ciniki suka sha masifa a banza. Raina ya ɓaci, amma a ƙarƙashin ɓacin ran tsoro ne. Na san in ta koma a wannan ramar, a wancan gidan da ba kowa, wata rana saƙo kawai za a kawo mini.

Akwai wata mata Ibo da ke zagayawa da tire tana sayar da okpa, wani abinci da suke ƙullewa a ganye kamar alala. Ranar wata Talata na dawo da wuri na tarar matata ta saya, ta gutsura wa Inna. Tsohuwa ta shinshina, ta ɗanɗana a bakin harshe, ta ɗaga kai.

“Yarinya, wannan ai gurjiya ce suka ɓata,” in ji ta. “Sun niƙe ta sun zuba mata manja. Kai, mutane. Da ɗanya ce da ɓawonta, sabuwar tonowa, a dafa ta da ɗan gishiri, ta yi lugub…”

Ba ta ƙarasa ba, ta ga ina tsaye. Tun da ta zo ban ji ta yi marmarin komai ba sai ranar. Na ajiye gajiyata na koma kasuwa. Na bi layin masu hatsi kaf, busasshiya ce kawai a buhu, mai tauri kamar tsakuwa, wata ma daga Arewar aka kawo ta. Na dawo na samu mai okpa ba ta yi nisa ba, matata ta yi mini tafinta. Ta ce ɗanya ba ta shigowa birni, ba ta jure hanya, amma a ƙauyensu da ke hanyar Nsukka yanzu ake tonon ta, kuma na taki sa'a, gobe kasuwarsu ke ci, ranar Nkwo. Ta kwatanta mini inda zan sauka. Na je na roƙi Kawu ya ɗaga mini ƙafa kwana ɗaya. Ya dube ni ya ce, “Gurjiya? Za ka bar tebur saboda gurjiya?” Amma ya bari.

Washegari motar katako na samu, benci-benci, an cusa mu kamar goro a huhu. Mata da kwanduna, akuya a ƙarƙashin ƙafata, wani yana rungume da keke. Muka hau dutsen nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke bayan gari, mota tana nishi, ni ina salati. Aka sauke mu a wata mararraba, daga nan ƙafa ce, tafiyar kusan awa guda a jar ƙasa mai santsi, ina bin bayan masu kaya a ka.

Kasuwar a ƙarƙashin wasu manyan itatuwa take, ba rumfa sai 'yan kaɗan na ganyen kwakwa. Ni da nake ganin na san kasuwa sai na tsaya ina kallo. Komai da ƙasarsa a jiki. Doya sabuwa an jera ta kamar itacen girki, gwaza, ayaba nono-nono, kwakwar manja ja wur, kuɓewa ƙanana da ƙaiƙayinsu, yalo fari da kore, da wani barkono rawaya mai ƙanshi da tun daga nesa yake shiga hanci. Ganyaye kuwa iri-iri da ban san sunansu ba, da raɓarsu. Kusan duk mata ne masu kasa kayan, kuma ni kaɗai ne mai doguwar riga da hula a wurin. Yara suka biyo ni suna “Onye Hausa, Onye Hausa,” wato Bahaushe. Sai da na zaga sau biyu kafin na hango ta can gefe, gaban wata tsohuwa: gurjiya da ɓawonta, ƙasar jikinta ba ta ko bushe ba. Ban yi wani ciniki ba, abin da ta nuna da yatsa na ba ta, na cika kwando na juyo. Na iso gida bayan la'asar, wuyana kamar ba nawa ba.

Ranar Inna ba ta bari kowa ya taɓa tukunya ba. Da kanta ta wanke, da kanta ta hura wuta, ta zauna a gaban murhu tana ɗanɗana ruwan gishirin. Da ta nuna ta juye a faifai, ta miƙe ƙafa a tabarma tana ɓarewa tana ci, tana kiran 'ya'yan maƙwabta tana zuba musu a hannu. Ina daga ƙofar ɗaki ina kallon tarin ɓawo yana girma a gabanta. Har labari ta yi wa matata na wata shekara da gurjiya ta yi yawa aka rasa masaya. Na ce a raina shi ke nan, na gano maganin. In dai ƙasar nan tana fid da abin da take so, kuma ina da ƙafar da zan ɗauko mata, ba inda za ta. Ban tambaye ta ba. Ni kaɗai na yanke wannan hukunci, na kuma gaskata shi.

Kwana uku gurjiyar ta ƙare, Inna ta koma loma biyu. Zancen tafiya kuwa ba ta ce ta fasa ba, ba ta kuma sake tayar da shi ba. Na ƙudurta cewa kafin Asabar ɗin tafiyar sai na cika gidan da gurjiya, ta gani da idonta cewa abin ba na rana ɗaya ba ne. Na tare mai okpa a bakin titi, ba tafinta, na tambaye ta da ɗan Burokan da nake ji yaushe kasuwarsu za ta sake ci. Ta ajiye tire ta ɗaga yatsu takwas. “Eight day, Malam. From that one, eight day.” Kwana takwas daga waccan.

Na ƙirga a yatsuna yadda muke ƙirga ranar suna. Laraba ɗaya, Alhamis biyu, har na zo Talata bakwai, Laraba takwas. Ya yi daidai, rana ita yau ke nan. Ban ma ga abin tambaya a ciki ba. A garinmu kasuwar Laraba tun kakanni Laraba take ci, ba ta taɓa kuskure ta faɗa Alhamis ba. Na ci wannan kasuwa ranar Laraba, saboda haka kasuwar Laraba ce, sunan Nkwo da suke kiran ta da shi kuwa na ɗauka Larabar ce da harshensu.

Da safiyar ranar ina ɗaure kwando matata ta fito tana murza ido.

“Maigida, ka tabbata yau ne? Ni a lissafina kamar yau Afo ne, ba Nkwo ba. Market day ɗinsu ba ya bin…”

“Yau wace rana ce?” na katse ta.

“Laraba.”

“Wancan zuwan wace rana na je?”

“Laraba, amma ka bari in…”

“To ke za ki koya mini ƙirga kwanaki? Kin taɓa zuwa wurin?”

Ta juya ta koma ɗaki. Shekara shida nake a garin, ita kuwa a ciki aka yanke mata cibiya, amma girman kai bai bar ni na tsaya na ji ƙarshen maganarta ba.

Tun a tasha ya kamata in sha jinin jikina. Motar ba ta cika da wuri ba, ba kwanduna, ba akuya. A mararraba ni kaɗai na sauka. Na kama jar hanya ina cewa wataƙila na makara ne, mutane sun riga sun wuce. Da na iso ƙarƙashin itatuwan sai na tsaya cik. Ba kowa. Filin a share, rumfunan a wofi, sai kaji suna tono inda aka jera doya wancan makon. Wurin da na bari ana hayaniya har ba ka jin kanka, yau ina jin faɗuwar ganye.

Can sai ga wani dattijo ya turo keke, da igiyar hawan kwakwa a kafaɗa. Ya dube ni, ya dubi kwandona, ya gane.

“Malam, market no dey today. Na tomorrow be Nkwo.” Wai ba kasuwa yau, sai gobe.

Maimakon in gode masa sai na hau gardama, kamar shi ya ɓoye kasuwar a aljihu. “Today na Wednesday! Last time na Wednesday!”

Ya jingine keken yana dariya. Ya ce Wednesday, wato Laraba, ta makaranta ce da ofishin Bature, kasuwa ba ruwanta da ita. Ya tsuguna ya ja layi huɗu a ƙasa, yana kiran sunayensu: Eke, Orie, Afo, Nkwo. Kwanakinsu ke nan, huɗu ne ba bakwai ba, in sun ƙare a sake ɗaukowa daga farko. Nkwo ɗaya tasu, ta gaba ta ƙauyen maƙwabtansu, sannan ta dawo musu. Kwana takwas cif, ba a sa ranar da aka ci a lissafi. Wadda ta ci Laraba za ta ci Alhamis, ta gaba Jumma'a, haka take ta matsawa. Ya hau kekensa ya tafi yana girgiza kai.

Na zauna a kan saiwar itace na daɗe. Ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba, ga shi ban sari ƙashi ko ɗaya ba. Na tuna fuskar Kawu, na tuna maganar matata da na datse, na tuna saura kwana uku Asabar. Na so in yi kuka amma na ji kunyar kajin. Na gangara rafi na yi alwala na yi azahar a bayan itacen, sannan na ɗauki kwandona na koma mararraba. Tunda ba ranar kasuwa ba ce motoci ba sa tsayawa. Na yi ta ɗaga hannu har rana ta karkata, kafin wata motar gawayi ta ji tausayina. Ana kiran magariba na shiga gida baƙi ƙirin, da kwando ba komai.

Matata ta karɓi kwandon ta ajiye, ta kai mini ruwan wanka. Da ta yi mini dariya ma da ya fi mini sauƙi. Ina cin abinci ina jin Inna tana tambayarta abin da ya faru, ita kuma tana yi mata bayanin kwanaki huɗun nan a hankali. Sai na ji dariyar Inna, ta gaske, har da tari.

“Ashe kasuwarsu tafiya take yi,” in ji ta. “Wannan sai ɗan gari.” Sai ta ce wa matata, “Kin ce gobe ne? To ki gaya masa gobe da ni za a je.”

Na fito da hannu duk miya. “Inna, ba za ki iya ba. Motar ba ta kirki ba ce, ga tafiyar ƙasa, ga santsi.”

Ba ta dube ni ba, bango ta kalla. “Ƙafar nan ta san hanyar kasuwa tun ba a haifi wasu ba.”

Na buɗe baki zan ƙara, sai wata dabara ta zo mini. In ta ga wurin da idonta, ta ga albarkar ƙasar, ai magana ta ƙare. Na aika wa Kawu cewa gobe ma ba ni nan. Amsar da ya aiko ba ta rubutuwa.

Kafin in idar da sallar asuba ta shirya, ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi, ta yi ɗamara da gyale. A mota aka matsa mata wuri a tsakiyar matan Ibo, wata ta ɗora mata kaza a cinya ta riƙe mata, ta kuwa riƙe. Ni ina baya ina gyangyaɗi, kaina yana bugun katako, tafiya ta uku ke nan a hanya ɗaya cikin kwana tara. Da muka sauka na miƙa hannu zan riƙe ta, ta ture. Ta cire takalmanta ta ɗora a ka ta shiga layin mata. Tsohuwar da nake ganin iska za ta iya kayar da ita, sai ga ni ina sauri don in cim mata.

Kasuwa ta cika fiye da wancan zuwan. Na nufi wurin tsohuwar da na saya a hannunta, Inna ta tsuguna, ta ɗauki gurjiya ɗaya ta matsa da farce, ta ɓare ta ciza, ta tofar. Ta girgiza kai ta tashi. Wai ta kwana biyu da tonowa. Muka wuce ta biyu, ta uku. A ta huɗu ta zauna sosai. Ba ta jin kalma ɗaya ta Ibo, matar ba ta jin kalma ɗaya ta Hausa, amma suka kama ciniki kamar sun shekara tare. Wannan ta nuna yatsu, waccan ta riƙe baki. Inna ta miƙe kamar ta yi fushi, ta taka uku, matar ta jawo bakin zanenta, maƙwabta suka fashe da dariya. Da aka daidaita Inna ta nuna kwandon ta buɗe tafin hannu, sai da aka yi mata gyara har sau biyu. Nan take suka raɗa mata suna, Mama Hausa.

Na ɗauka za mu juya. Ina! Ta bi layi-layi tana taɓa komai, ta shinshina barkonon nan rawaya ta yi atishawa, ta karya bakin kuɓewa ta ji ƙararta, ta ɗaga wani ganye tana tambaya da ido yadda ake dafa shi, aka kwatanta mata da hannu. Can ta tsaya gaban wata yarinya mai goyo da ta zube yalonta a ƙasa ba tsari, ɗan yana ta tsala ihu a bayanta. Inna ta yi tsaki, ta tsuguna ta fara kasa mata shi kashi-kashi, manya a sama, masu tabo a juya su ciki. Yarinyar ta ga haka sai ta kwance goyo ta koma gindin itace tana ba shi nono, ta bar mata kayan. Inna ta gyara zama a kan ɗan kututturen, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta fara kiran masu wucewa da Hausa tsantsa: “A zo a ga na yau! Ga mai kyau!” Kuma suka zo. Ni ina tsaye da kwando a ka kamar turke, ga abin da na hana a Inugu ana yi a gabana.

Ta fi awa biyu a wurin. Da yalo ya kusa ƙarewa yarinyar ta sayo gasasshiyar doya da manja da barkono a ganye, suka sa hannu tare. Manjan da Inna ke kau da kai in ta gan shi a gidana, shi ta lashe har yatsu. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba, amma murna ta fi yawa. Na ce yau kam na ci nasara.

A motar komowa muka samu wuri gefe ɗaya, kwandon a tsakanin ƙafafuna. Jikina duk ya mutu, idona yana rufewa da kansa. Ita kuwa ga gumi ya bushe mata a goshi, ga jar ƙasa har ƙwauri, tana ta kallon gonaki. Na ga dama ta samu.

“Inna, kin ga wurin. Yanzu na gane lissafinsu. Duk ranar da za ta ci sai mu riƙa zuwa tare.”

Ta ci gaba da kallon gonakin.

“Allah ya yi maka albarka,” ta ce, idonta a waje. “Ka wahala. Amma jibi zan bi mutanen nan.”

Barcin ya watse. “Inna, me kuma? Ba ga shi kin ji daɗi ba? Ba ga shi kin ci abinci ba?”

“Na ci, don na gaji. Ni in ban gaji ba, ba na jin yunwa. Abincin yarinyar nan ba abin da ya same shi, kada ka ga laifinta. Kai ne ka kwashe gajiyar duka ka ɗora wa kanka, ka bar ni da zama.” Ta gyara ɗaurin gyalenta. “Da na zauna a kan kututturen nan sai na tuna gindin tsamiyata a kasuwar garinmu. Shekara talatin ina kasa daddawa a wurin. Ban san wadda ke zaune a kai yanzu ba. Nan kasuwar mutane ce, yau sun ara mini wuri don sun ga baƙuwa. Ina so in koma tawa tun ƙafata tana ɗaukata.”

Zan iya cewa ta yi talla a Inugu in tana so, na janye hanin, amma na san na makara da wata huɗu, kuma ba tallar kaɗai take nufi ba. Na sunkuyar da kai ina kallon gurjiyar da na yi tafiya uku a kanta. Motar ta fara gangara dutsen, kowa ya riƙe abin da ke kusa da shi, ita ta riƙe hannun rigata har muka sauka ƙasa.

Ranar Asabar na ɗauki ƙullin kayanta a kaina har tashar jirgi. Matata ta yi ta kuka, Inna tana ce mata ta yi haƙuri da ni, wai haka nake tun ina ƙarami, ba na jin magana sai na je na gani. Ta shekara bakwai bayan nan tana cin kasuwanninta uku, kuma a shekarun nan sau uku kawai na samu ganinta.

Da jirgin ya tashi ban nufi kasuwa ba, ko da yake na san Kawu yana jira. Na wuce gida na shiga ɗakinta, na kwanta a tabarmarta da rana tsaka da takalmina a ƙafa. Na yi ta barci har la'asar ta wuce, ba wanda ya tashe ni.